Guzurin Matafiyi A Lokacin Hunturu: Daga Dagumawa Zuwa Gabas

Mu da muke zaune a Dagumawa, cikin ƙasar Wudil, Allah Ya ajiye mu kusa da babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Maiduguri. Tun kafin a shimfiɗa kwalta, gabas ɗin nan maniyyata suke dosa a ƙasa, su ratsa Barno da Cadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, waɗansu su shekara da shekaru kafin su dawo. Mutanen nan ba su taɓa tashi ba tare da shiri ba. Mu kuwa da mota ta sauƙaƙa mana, sai mu tashi hannu rabbana, alhali hanyar tana da sharuɗɗanta, musamman daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ɗauke da ƙurar hamadar Sahara, mafi yawanta daga ƙasar Cadi. Watau mai tafiya Azare ko Fataskum ko Damaturu, iskar yake fuskanta kai tsaye. Ran da hazo ya yi kauri, jiragen sama ma sukan fasa sauka a Kano, balle direban da ke hangen gabansa ta gilashi mai ƙura. Ga shanu da ake korawa kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, ga manyan motoci da sukan lalace a tsakiyar titi ba alama. Saboda haka shirin farko na mota ne: a duba birki da fitilun gaba da na baya, da batir, domin sanyin asuba yakan kashe mai rauni, a cika lagireto da ruwa, a ɗauki safayar taya mai iska da jak da sifana, da abin kashe gobara, da tsumman goge gilashi. Kada a ajiye jarkar fetur inda mutane ke zaune.

Sa'an nan jiki. Sanyin hunturu na dare ne da asuba, da rana kuwa sai a ji zafi, don haka tufafin da ake iya ragewa sun fi riga guda mai kauri. A riƙe bargo da rigar sanyi da safa da hula, da rawani ko mayafin rufe hanci. Man kaɗanya yana maganin kaushi da faso da tsagewar leɓe. Mai ciwon fuka kada ya rabu da maganinsa, domin ƙura tana tayar da shi, yara da tsofaffi kuma a zaunar da su nesa da taga. A wurin abinci, a zaɓi wanda ba ya lalacewa, kamar dabino da ƙuli-ƙuli da kilishi da soyayyar gyaɗa, da fulas na shayi. Ruwa kuwa a ɗauka da yawa, gama busasshiyar iska tana ƙarar da ruwan jiki ba tare da mutum ya ji ƙishirwa ba.

Buta da darduma ba a barin su a gida. Shari'a ta yi wa matafiyi rangwame, kuma ya kamata ya san iyakarsa kafin ya tashi. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, ana ƙasaru ne a tafiyar da ta kai mil 48, a mayar da salla mai raka'a 4 zuwa 2, bayan an wuce gidajen gari. Ke nan mai zuwa Kano daga Dagumawa zai cika sallarsa, mai zuwa Fataskum kuwa zai yi ƙasaru, har sai ya yi niyyar zaman kwana 4. Taimama ta halatta ga wanda ya rasa ruwa ko ya ji tsoron ruwan zai sa masa ciwo, amma ƙyuyar taɓa ruwan sanyi kawai ba uzuri ba ce.

Tun daga rikicin da ya ɓarke a shekarar 2009, matafiya suka saba da shingayen jami'an tsaro a yankin Yobe da Barno. A riƙe katin shaida da takardun mota, a kuma lissafa tafiya yadda za a sauka kafin magariba. A sanar da iyali inda aka dosa, a cika waya da caji. In kwana ya kama a hanya, kada a kai garwashin gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga domin jin ɗumi, gama iskar da ke fita daga gare shi ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci.

Malamanmu sun koyar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙon sababi. Direban da ya ji gyangyaɗi ya tsaya, fasinja kuma ya daina zuga shi da gudu, domin tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su ga iyalansu lafiya, amin.