Burodi da Tsire Daga Kalgo Zuwa Gwandu

Duk wanda ya saba hawa motar haya a Jihar Kebbi ya san abincin matafiyi. Tuwo sai an zauna an wanke hannu, direba kuwa ba ya jira. Saboda haka sai mutum ya sayi burodi, ya miƙa wa mai tsire ya tsaga masa cikinsa, a zare nama daga tsinke a zuba, a barbaɗa yaji, a watsa albasa, a naɗe a takarda. Kafin kwandasta ya gama kiran fasinja, an kashe yunwa.

A Kano gurasa ake haɗawa da tsire, a Maraɗi da Yamai kuma dogon burodin nan irin na Faransa. Har a Amurka, mutanen jihohin Indiyana da Ayowa suna da nasu: nama ne da ake bugawa ya yi faɗi, a turbuɗa shi a garin burodi, a soya, a sa tsakanin burodi biyu. Nasu na alade ne, ba abincinmu ba, amma ɗabi'arsu guda ta burge ni. Sukan bi ƙananan garuruwa suna ɗanɗanawa, suna faɗin na wa ya fi na wa. Mu ma muna da masu tukuba da suka cancanci a yi musu haka. Aiki da zumunci sun sha kai ni Kalgo da Gwandu, don haka da su zan fara.

Kalgo na kudu da Birnin Kebbi, tafiyar ba nisa. Gari ne na mararraba: hanya guda ta nufi Jega, guda ta yi Bunza har Kamba a bakin iyakar Nijar. Mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma babban asibitin jiha a nan yankin. Masu cin burodi da tsire a Kalgo ke nan: ɗalibai, direbobi, 'yan kabu-kabu, da masu jinya da suka baro gida ba su san ranar komawa ba.

Wannan cunkoson shi ne albarkar tsiren Kalgo. A tukubar da na fi zuwa, kusa da inda motoci ke tsayawa, nama ba ya jimawa. Ana kafa tsinke bayan La'asar, kafin Isha'i an kusa tashi. Naman sa ne, an yanyanka shi falle-falle, an turbuɗa shi cikin garin ƙuli-ƙuli, an yayyafa man gyaɗa. Aikin ƙulin nan babba ne. Idan wuta ta taɓa shi sai ya yi ɓawo a jikin naman, ya riƙe romon a ciki, ya ba shi ƙamshin gyaɗa. Da an zuba shi da zafinsa a cikin burodi, man sai ya ratsa, burodin ya yi laushi ba tare da ya jiƙe ba. Aibinsa guda a wurina shi ne gishiri da dunƙule sun yi yawa a yajin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Mai hawan jini da ya ci wannan, ya bi da lemon kwalba, ya ci kason yininsa a zama ɗaya. Nakan ce a bar mini yajin a gefe in sa da hannuna.

Da safe labarin daban ne. A wani teburin mai shayi, ƙanena ya karɓo mana burodi da ƙwai, aka ce akwai nama idan muna so a haɗa. Da aka buɗe takardar sai na ga tsiren jiya ne: ƙulin ya yi danshi, kitsen ya daskare ya yi fari. Mai shayin ya jefa shi cikin kaskon ƙwai, ya juya sau biyu ya kwashe. Bayansa ya yi ɗumi, cikinsa da sanyi. Muka ce a ba mu ƙwan kaɗai.

A nan ne aikina na jinya ke shigowa. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba tare da wuta ko firji ba. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin zafi, kuma yanayin Kebbi, rani da damina, yana cikin wannan tsakanin. Kwantan nama ba ya zama lafiyayye sai an sake gasa shi har tsakiyarsa ta kai digiri 70, yana tururi. Ko an yi hakan ma, akwai ƙwayoyin da ke barin dafi wanda wuta ba ta kashewa. Na sha ganin mai jinya da ya zo kula da mahaifiyarsa, kwana biyu shi ma an sa masa ƙarin ruwa saboda amai da gudawa. Kuɗin maganin mutum ɗaya ya koma na mutum biyu.

Gwandu kuwa tana gabas da Birnin Kebbi, kuma ba ta da hayaniyar Kalgo. Sunanta ya fi girmanta a yau. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a nan daga 1805 kafin ya koma Sifawa, kuma daga nan ƙaninsa Malam Abdullahi ya riƙi yammacin daular. A nan hubbarensa yake, mutane na zuwa ziyara. Sarkin Gwandu kansa a Birnin Kebbi fadarsa take. Idan ba ranar kasuwa ba, da yamma za ka iya ƙirga motocin da suka shigo.

Ƙarancin masu saye yana iya zama haɗari, domin nama zai kwana. Dattijon da na saya a wurinsa ya magance wannan da hanya mai sauƙi: yana ɗaukar daidai abin da ya san zai sayar. Balangun rago yake yi, da 'yan tsinkayen tsire a gefe. Na ce, "Baba, na yaushe ne?" Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Ɗiyata, da hantsi anka yanka shi. Wanda duk ya kwana, ba ni ba mutane." Ya yanko tsokar da ke kwance a jikin ƙashin baya, wadda ba ta da jijiya, ya mayar da ita kan garwashi har ta fara tsartsatsi, sannan ya yayyanka.

Wannan shi ne mafi daɗin da na ci a garuruwan biyu. Yajinsa ba ya ihu. Ana jin citta da masoro da ɗan kanumfari, barkonon na biyo baya a hankali. Albasa kuwa ba a maganarta, domin Aliero, garin da ya yi suna a noman albasa a Najeriya, maƙwabciyar Gwandu ce. Yana yanka ta a gabanka, da ƙarfinta da ruwanta. Inda Gwandu ta gaza shi ne burodin. Wanda na samu ya kwana, yana marmashewa a hannu. Dattijon ya tsaga shi ya kifa a gefen wuta na ɗan lokaci, ya farfaɗo, amma bai kai na Kalgo ba, inda ake sauke sabo kusan kullum.

Idan aka ce in yi hukunci, nama da albasa na Gwandu ne, burodi da ɓawon ƙuli na Kalgo. Amma abin da na ɗauko daga tafiye-tafiyen nan shi ne lokaci ya fi sunan gari muhimmanci. Tukuba ɗaya za ta ba ka abin kirki da Magariba, ta ba ka ciwon ciki da safe.

Ga abin da nake dubawa kafin in miƙa kuɗi. Na farko, wutar. Idan garwashin ya mutu kuma nama na jere a kai, a ce a hura a mayar da shi, a jira. Na biyu, ƙulin. Idan yana ɗaci ko warin fumfuna, a bar shi. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da wani dafi da ake kira afulatoksin, wanda gashi ba ya kawar da shi, kuma yana cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Na uku, abin naɗi. Tawadar jarida tana narkewa a jikin mai, takardar buhun siminti kuma ba don abinci aka yi ta ba. Ni da 'yar roba mai murfi nake tafiya a jaka. Na huɗu, burodin: a nemi mai sunan gidan da ya gasa shi da lambar NAFDAC, hukumar da ta haramta sa sinadarin buromet a burodi. Na biyar, hannu. Wanda ya karɓi kuɗi ya koma ya dafa nama bai kyauta ba. Inda aka raba aikin, yaro na karɓar kuɗi maigida na yanka, nan ne wurin tsayawa. Ɗanyen kabeji da tumatir kuwa, idan ban ga ruwan da aka wanke su da shi ba, nakan haƙura, balle da damina lokacin da kwalara ke yawo.

Ba na faɗin wannan don a guji masu tsire. Bayan kowace tukuba akwai mai kiwo, da mahauci, da matar da ta soya ƙuli a cikin gida, da yaron da ke hura wuta. Idan muka daina saye, su za su ji a jikinsu. Abin da ya fi shi ne mu riƙa tambaya cikin girmamawa, mu riƙa komawa wurin mai gaskiya, mu kuma faɗa wa 'yan'uwa inda yake. Mai nama mai kyau ba ya jin haushin a tambaye shi na yaushe ne. Wanda ya ɓata rai, ya riga ya ba ka amsa.

Saura Jega da Bunza da Argungu, inda aka ce mini soyayyen kifi ne ke shiga cikin burodin. Mutanen can, a gaya mana ƙarfe nawa ake sauke na farko, don mu zo da zafinsa.