Ni Ɗan Amshi Ne

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu ta waƙa a Jega, ni ina cikin 'yan amshi. Tsakanin 2001 da 2004 mun sha yawon biki: yau muna Maiyama, gobe muna Aliero, inda wani lokacin da buhun albasa ake sallamar mu. Jagoranmu Allah ya yi masa murya, da ya ja baiti sai ka ji guɗa.

Ran nan muna zaune a shagon mai kaset, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni dai Kano za ni, waƙar fim. Ku yi man haƙuri, ni ɗai anka kira." Wallahi ji na yi kamar an zare mani laka. Shekara biyu ban amsa gaisuwarsa ba.

Mai kaset ɗin ne ya fara ba ni labarin Lionel Richie, mawaƙin Amurka. Da abokansa na makaranta suka kafa ƙungiyar Commodores a Tuskegee a 1968. A 1982 ya ware, ya fitar da kundinsa shi kaɗai, a 1983 ya biyo da "Can't Slow Down" wanda ya ɗauke da waƙar "Hello". Duniya ta bi shi da tafi. Ni kuwa abin da na tambaya shi ne: su waɗanda ya bari fa?

Ashe ba su watse ba. A 1985 suka yi "Nightshift", waƙar da ta ciyo masu kyautar Grammy, abin da ba su taɓa samu ba lokacin da yake cikinsu.

Sai na tuna da namu na gida. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ma amshi ya yi wa yayansa, Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar har ya yi wa Sardauna waƙa. Da ya tsaya a baya saboda kara, da mun yi asara. Mu ne dai ba mu yi ta maza ba. Muka jingine kalangu, muka ɗora wa mutum ɗaya laifi.

Yanzu albasa nake fatauci. Bara ya bugo mani waya, wai in zo in yi masa amshi a wata waƙa. Na yi shiru, har ya ce, "Kana ji na?"

Na ce, "Ina ji. Wace rana?"