Kwana Huɗu Zuwa Kotun da Ta Ɗaure Mandela

Talata

Na baro Kano da hantsi, na yini a filin jirgin Legas, sai dare muka tashi zuwa Johannesburg. Tafiyar kusan sa'a shida ce. Barci ya ƙi zuwa, tunanin Baba nake ta yi, Allah ya jiƙansa. Magatakardan kotu ne duk rayuwarsa, kuma daga bakinsa na fara jin sunan Rivonia, wata rana bayan la'asar yana rungume da rediyonsa. Yakan ba mu labarin yadda a shekarun 1970 ma'aikatan Nijeriya suka riƙa ba da wani abu daga albashinsu don taimakon masu yaƙi da wariyar launin fata, shi ma da nasa a ciki. Bai taɓa ƙetare iyakar ƙasar nan ba. Ni zan je in gano masa ɗakin da aka yi shari'ar Rivonia.

Laraba

Mun sauka filin jirgin O.R. Tambo gari na wayewa, agogonsu ya fi namu da sa'a ɗaya. Jirgin ƙasan Gautrain a jikin filin yake. Babu wanda ke zuwa Pretoria, inda kotun take, kai tsaye daga nan, sai ka sauka a Marlboro ka canza, ka bi ta Midrand da Centurion. Ba a ci ba a sha a cikinsa, don haka goron da na ɗauko ya koma aljihu.

Tun kafin mu isa na fara hango bishiyoyin jakaranda. Oktoba ne lokacinsu, sun lulluɓe tituna da fure shuɗi mai ratsin ja, ƙasa ma duk ta rufe. A irin wannan wata, a 1963, aka fara gurfanar da su Mandela. Wato garin yana cikin adonsa ake shiga da su a motar fursuna. Na sami masauki, na yi sallolin da ake bina, na kwanta.

Alhamis

Daga tsohuwar tashar jirgin Pretoria, titin Paul Kruger miƙe yake ɗoɗar har dandalin Church Square. Da ƙafa na tafi. A tsakiyar dandalin ga mutum-mutumin Kruger, shugaban Turawan Bowa, da doguwar hularsa, tattabaru sun mai da kansa wurin hutawa, masu ɗaukar hoto na kiran jama'a. Kudu da shi tsohuwar majalisar Turawan Bowa ce. Arewa kuwa ga abin da ya kawo ni, ginin da suke kira Fadar Shari'a.

Ginin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Dutse ne da ginshiƙai da hasumiyoyi, irin wanda mutum zai tsaya ya gyara hularsa kafin ya shiga. Kruger ne ya aza harsashinsa a 1897, mai zanen kuma Sytze Wierda ne, ɗan ƙasar Holan. Kafin alƙali ya zauna cikinsa yaƙi ya ɓarke tsakanin Bowa da Ingilishi, kuma da Ingilishi suka ci Pretoria a 1900 sai suka mai da shi asibitin sojojinsu.

Har yau babbar kotu ce mai aiki, lauyoyi na ta kai da kawo da baƙaƙen riguna da jakunkunan takardu. Mai gadin ƙofa ya ce, "Sannu Baba, shari'a ka zo ko ziyara?" Su ma Baba suke ce wa dattijo. Na ce ziyara, daga Nijeriya. Ya bincika jakata, ya ce hoto a ciki babu, ɗakunan tsare mutane na ƙarƙashin ƙasa kuma sai da izini tun kafin a zo. Wannan ya sosa mini rai, domin a bangon ɗaya daga cikinsu ne fursunoni suka rubuta sharuɗɗan Kundin 'Yanci, wanda aka amince da shi a Kliptown a 1955. Na haƙura, na shiga inda aka yarda a shiga.

Na sami benci a zauren na zauna na jima. A ginin nan alƙali Quartus de Wet ya saurari ƙarar zagon ƙasa, Percy Yutar na gabatarwa, bayan 'yan sanda sun kai samame gonar Liliesleaf a unguwar Rivonia ranar 11 ga Yuli 1963. Mandela yana kurkuku tun 1962, daga can aka kawo shi a matsayin wanda ake tuhuma na ɗaya. Laifin na iya kai su ga igiyar rataya, kuma kowa ya sani.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wanda Baba yakan nanata, don shi ya san aikin. Ranar 20 ga Afrilu 1964 Mandela bai shiga akwatin shaida ba, daga inda ake tsayar da mai laifi ya yi magana. A ƙa'ida, magana daga nan ba ta da nauyin shaidar rantsuwa, amma ba mai katse ka da tambaya. Ya san yana rage wa kansa kariya, ya zaɓi a ji shi. Kusan sa'a uku yana bayani, bai musa cewa da shi aka kafa rundunar gwagwarmaya ta Umkhonto we Sizwe ba, ya faɗi dalili, ya rufe da cewa a shirye yake ya mutu a kan abin da ya yi imani da shi.

Kuma komai na shari'ar nan bisa tsari aka yi shi. An rantsar da shaidu, an rubuta kowace kalma, an bar lauyoyi sun yi aikinsu, yayin da 'yan kallo ke zaune baƙi gefe, farare gefe. Wani magatakarda kamar Baba ya zauna a gaban alƙali yana cika takardu da kyau. Wannan ne ya dame ni yau. Dokar da ake karewa ita ce zaluncin, masu aiki da ita kuwa sun ƙware.

Ranar 12 ga Yuni 1964 aka yanke wa mutum takwas ɗaurin rai da rai. Bakwai, ciki har da Walter Sisulu da Govan Mbeki da Ahmed Kathrada, aka kwashe su zuwa tsibirin Robben. Denis Goldberg, saboda farar fata ne, aka bar shi a gidan yarin Pretoria. Ko a kurkuku ba a yarda su haɗu ba.

Juma'a

Na yi Juma'a a masallacin titin Queen, farin masallaci da dogayen benaye suka saka a tsakiya, tafiya kaɗan daga dandalin. A sahu akwai Indiyawa da Somalawa da 'yan ƙasa, na kuma ji Hausa a bayana wajen ɗaukar takalma.

Da na fito ƙafata ta sake kai ni gaban kotun. Yau lauyoyin na tuna. Bram Fischer, wanda ya jagoranci kariya, ɗan babban gidan Bowa ne, mahaifinsa alƙali. A 1966 shi ma aka yi masa ɗaurin rai da rai, ya rasu a 1975 bai ga ƙarshen abin ba. Arthur Chaskalson, matashi a cikin tawagar, ya rayu har ya zama shugaban farko na kotun tsarin mulki bayan Mandela ya hau mulki a 1994.

Na tsaya a bakin matakala na yi wa Baba addu'a. Mai gadin jiya ya gane ni, ya ɗago hannu ya ce, "Baba, ka dawo?" Na ce na dawo, kuma ina son ya nuna mini ofishin da ake neman izinin sauka ƙasa.