Uwa Lafiya Lau, Ɗa Ya Mutu

Hutun da ya wuce ban huta ba. Na koma gida Ƙofa da aikin kammala ND a kwamfutata, ina ta taƙama. Baffana ne magatakardan wata ƙungiyar manoma da ke haɗa kuɗin taki kafin damina, mutanenta sun bazu daga Ƙofa zuwa Kusada har Kankia. Na ce masa zamanin littafi ya wuce. Na rubuta ƙaramar manhaja da harshen C a kan Linux: zai shigar da sunan manomi da garinsu da abin da ya biya ta wayarsa, kwamfuta ta adana.

Ranar lissafi aka buɗe a gaban jama'a. Na Kusada suna nan, na Kankia suna nan, na Ƙofa mutum 17 babu ko ɗaya. Wani dattijo ya ce, "Malam, namu kuɗin fa?" Baffa ya dube ni, sannan ya ce musu su ba shi kwana uku. Wallahi a ranar ko tuwo ban iya ci ba. Mutuncin mutumin da ya biya mini kuɗin makaranta ne na jefa a bakin mutane.

Ga yadda manhajar take aiki. Duk lokacin da bayani ya shigo, sai ta kira fork, wato ta haifi kwafin kanta. Masana ma da kansu uwa da ɗa suke kiransu. Uwar ta amsa wa waya "an karɓa", ta koma jiran na gaba, ɗan kuma ya je ya rubuta bayanin a fayil.

Na ɗauko gdb, abin da muke bin manhaja da shi layi-layi don farautar kuskure. Dare biyu ina bi, da rana in kai kwamfuta caji wajen mai janareto. Komai lafiya lau! Babu kuskure ko ɗaya, amma sunayen ba su shiga.

A dare na biyu na kira wani yayanmu ɗan HND. Na ce, "Yaya, abin nan kamar da aljanu." Ya yi dariya ya ce, "Wa kake bi, uwar ko ɗan?" Na yi shiru. Ashe gdb, idan ba ka gaya masa ba, uwar yake bi, ɗan kuwa ya sake shi ya kama gabansa. Ya ce in rubuta set follow-fork-mode child.

Daga baya na karanta abin da ke ƙarƙashin wannan layin. gdb ba shi da ikon riƙe kowace manhaja da kansa. Sai ya roƙi kanel, wato zuciyar Linux mai raba wa manhajoji lokaci da ma'adana, ta wata hanya da ake kira ptrace, wadda ta samo asali tun Unix na 6 a 1975. Matsalar ita ce ɗa yana da sauri. Kafin ka nemo lambarsa ka kama shi, ya yi ɓarnarsa ya mutu. Shi ya sa a da sai mutum ya sa wa ɗan barcin ɗan lokaci a cikin rubutunsa, ya yi maza ya cafke shi kafin ya farka. A 2002, a Linux 2.5.46, aka ƙara wani zaɓi mai suna PTRACE_O_TRACEFORK. Da shi, da zarar an haifi ɗa kanel zai tsayar da shi kafin ya yi taku ɗaya, ya miƙa shi ga mai bincike. Kamar ungozoma ce da ke riƙe jariri har sai an duba shi.

Na rubuta layin, na shigar da sunan wani maƙwabcinmu. Nan take ɗan ya faɗi a gabana: SIGSEGV, layi na 84. A jerin garuruwan da na yi, "Kofa" na rubuta da K. Baffa kuwa, mutumin da ya san Hausarsa, "Ƙofa" yake rubutawa da lanƙwasa. A wajen kwamfuta waɗannan haruffa biyu ba su ma san juna ba. Ɗan ya nemi garin bai samu ba, ya dawo hannu wofi, ni kuma ban sa ya duba ba, ya taka wofin ya mutu. Uwar ba ta taɓa tambayar yadda ya ƙare ba, don ban sa ta kira waitpid ba. Sunan garinmu ne ya kashe shi, ni ɗan garin na rubuta shi ba daidai ba.

Da safe na je na gaya wa Baffa, kaina a ƙasa. Ya shiga ɗaki ya fito da tsohon littafinsa. Duk mutum 17 suna ciki da biro. Ya ce, "Na yarda da kai, ɗana, amma kuɗin mutane ne."

'Yan uwana masu aikin kammalawa, in manhajarku tana haihuwa, ku gwada strace -f ko wancan layin na gdb tun kafin ranar kare aiki. Ku kuma sa uwar ta tambayi ɗan yadda ya ƙare kafin ta ce wa kowa "an karɓa". Tawa yanzu haka take yi, Baffa kuma har yau bai ajiye littafinsa ba.