Baƙon da ba shi da maigida a cikin kwamfutata



Mahaifina wake da masara yake sayarwa a Bodija, ni kuma a Sabo aka haife ni, nan Ibadan. Tun da na gama sakandare ni ke riƙe masa lissafi. Shi a wani babban littafi mai baƙin bango ya saba rubuta bashi, ni na matsa har ya yarda na koma rubutawa a Excel, cikin wata laftof 'yar tokumbo da na sayo a Legas. Sharaɗinsa ɗaya ne: "Ranar da kwabo ya ɓace, kai ka ci."

Wata rana a 2022 mota ta iso daga Dawanau, masu sari suka yi mana caa, ina ta shigar da suna da adadin buhu. Sai Excel ta ƙame. Fanka na ta kuka, ƙasan laftof ya yi zafi kamar tandar waina. Abin da na iya ke nan na yi, na danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ta fito, na zaɓi Excel na danna End task. Allah ya taimake ni Excel kan ajiye kwafi duk minti 10, don haka mafi yawa ya dawo. Amma sunaye shida na ƙarshe sun tafi. Washegari na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina tambayarsu nawa suka ɗauka, abin kunya wallahi. Wata mata ta ce buhu biyu, ɗan dako ya rantse uku ya kai mata. Baba ya ce a bar mata. Bai yi mini faɗa ba, ya dai buɗe akwati ya ɗauko tsohon littafinsa ya kakkaɓe ƙura. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na kai laftof wajen wani Bayarabe mai gyara a Mokola. Da ya ji labari ya yi dariya, ya ce marar laifi na kashe. Ya buɗe Task Manager ɗin nan tawa, ya danna kan layin CPU, sai komai ya jeru daga mai cin ƙarfi da yawa zuwa mai cin kaɗan. Ashe shekara da shekaru ina riƙe da abu ban san amfaninsa ba sai na kisa! A shafin Details ya nuna mini System Idle Process, ya ce in na ga ta kai 90 ko fiye kada in tsorata, alama ce kwamfuta na hutawa. A tawa kusan sifiri take, ga wani svchost can sama ya cinye komai.

To svchost suna da yawa, kuma na Windows ne, ba a taɓa su da garaje. A nan ya ɗauko Process Explorer, wadda Mark Russinovich ya rubuta. Microsoft ta sayi kamfaninsa, mai shafin Sysinternals, a 2006, kuma kyauta ake saukar da ita. Abin da ya burge ni shi ne yadda take jera ayyuka kamar zuriya, kowanne a ƙarƙashin wanda ya tashe shi. Nan take na tuna da Sabo. Kun san tun zamanin kakanninmu baƙo ba ya sauka haka kawai, sai yana da maigida da zai ce nawa ne. Svchost na gaskiya maigidansa services.exe ne, gidansa kuma System32, da sa hannun Microsoft a jikinsa. Wannan kuwa a wani lungu na AppData yake zaune, babu sa hannun kowa. Sunan 'yan gida kawai ya ara.

Mai gyara bai kashe shi nan da nan ba. Sai da ya danna Suspend, wato ya sa shi barci, muka ji fanka ta yi shiru cikin ɗan lokaci, shaida ta tabbata ke nan. Ya sa Process Explorer ta tambayi VirusTotal, amsa ta dawo da ja. Ya ce irin masu haƙar kuɗin intanet ne, yana yi wa wani can aiki da batirina da man janaretanmu. Sannan ya kashe shi, ya buɗe Autoruns ya cire igiyar da ke tayar da shi duk lokacin da aka kunna kwamfuta, don in ba haka ba gobe ya dawo. Daga ina ya shigo? Daga wata manhajar gyaran hoto ta sata da na saukar da hannuna.

Yanzu kafin mota ta iso nakan leƙa Task Manager, kuma Ctrl da S sun zame mini kamar tasbaha. Lissafi dai biyu ake yi har yau, nawa a Excel, na Baba a littafi, da yamma mu gwada.

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani da misalin nan na baƙo da maigida, ina ganin zai wanke ni. Ya saurara har ƙarshe yana gyara zaman hularsa, sannan ya ce, "Na ji. To wa ya buɗe masa ƙofa?"