Kwartowa a cikin ledar Baba

A watan jiya wani dattijo da ya saba sayen maganin suga a kantinmu a nan Agege ya shigo da baƙar leda, ya zazzage min abin da ke ciki a kan kanta. Wasu busassun 'ya'ya ne guda uku, ruwan ɗorawa, girmansu kamar lemo, marasa nauyi. Da na girgiza ɗaya sai na ji 'ya'yan ciki suna ƙara. Ya ce, "'Yata, wani ne ya kawo min daga Agadas. An ce yana kashe suga. Cokali nawa zan sha?"

Na gane ta. Kwartowa ce, wadda Larabawa ke kira hanzal. Wanda ya yi Islamiyya zai tuna an ambace ta a hadisi saboda ɗacinta da rashin ƙamshinta. A ajin nazarin tsirrai masu magani na fara taɓa ta, kuma ɗan abin da na ɗora a harshe ranar ya hana ni jin daɗin abinci har dare.

'Yar uwar kankana ce da guna, dangin kabewa da kokwamba. Tana yaɗo a kan yashi a Sahara, da Sudan, da ƙasashen Larabawa har zuwa Indiya. Saiwarta mai kauri ce, tana nitsewa ƙasa sosai, shi ya sa take rayuwa inda ciyawa ta ƙone. Ɗanyen ɗanta kore ne mai zane, ka rantse ƙaramar kankana ce. Tsiro mai ruwa a tsakiyar hamada kuwa dole ya kare kansa daga dabbobi. Makaminta wasu sinadarai ne da ake kira kukubitasin, suna cikin abubuwa mafiya ɗaci da aka sani a tsirrai, kuma sun fi taruwa a farin soson da ke cikin ɗan. 'Ya'yan ciki ba su da wannan dafin sosai. Tubawa na arewacin Cadi da Nijar sun daɗe suna raba su da soson, su wanke, su gasa, su daka su ci. Sun san inda abincin yake, sun san inda dafin yake.

To me take yi a ciki? Ƙona fatar hanji take yi. Hanjin sai ya zubo da ruwa, ya riƙa murɗawa don ya fitar da abin da ya dame shi. Mu kuma mun saba ɗaukar gudawa bayan shan magani a matsayin shaida cewa "datti na fita". Wannan fahimtar ita ta fi ba ni tsoro, domin mutum yana zawo har da jini amma yana murna magani ya kama. Ruwan jiki ya ƙare, jini ya sauka, ƙoda ta fara gazawa. Mai ciki na iya yin ɓari, ta kuma zubar da jinin da zai kai ta lahira. Wani ɓangare na dafin yana shiga nono. Tafasawa ba ta kashe shi.

Ba zan ce miki ko maka ba ta da amfani ba, don ƙarya ce. Tsoffin likitocin Masar da na Larabawa sun yi aiki da ita wajen wankin ciki, ta kuma daɗe a kantunan magani na Turai kafin a ajiye ta, saboda an samu abin da ya fi ta sauƙi. A Iran an yi ƙananan gwaje-gwaje a kan masu ciwon suga, aka ga suga ya ɗan sauka. Amma abin da aka ba su awo ne na miligiram 100 a ƙwanso, likita na sa ido. Cokalin shayi ɗaya na gari ya ninka wannan sau da yawa. Sannan ƙarfin ɗan da ya fito a nan ba ɗaya yake da na can ba. Ƙasa da zafi da lokacin tsinka duk suna canza shi. Ni da na yi shekaru ina koyon awon magani ba zan iya duban ƙwallo ɗaya in ce ga adadin dafin da ke ciki ba. Mai sayarwa a bakin tasha ma bai sani ba.

Shi kuwa Baba yana shan ƙwayar da ke sauke suga safe da yamma. A ƙara masa kwartowa, a ƙara gudawa, ga rashin cin abinci: suga na iya faɗuwa ya suma cikin dare ba wanda ya sani. Na faɗa masa haka, na ce in lambar sugarsa ce ke damunsa mu auna yanzu, in rubuta masa takarda ya kai wa likitansa.

In wani a gidanku ya riga ya sha, kada a jira zawon ya tsaya da kansa, kada kuma a sa shi amai da ƙarfi. A fara ba shi ruwan gishiri da suga, a tafi asibiti da ragowar abin da ya sha. Haka nan duk kokwamba ko kabewar da kuka ji tana ɗaci sosai, a tofar, a zubar da ita, sinadarin ɗaya ne.

Baba ya bar min biyu, ya mayar da ɗaya aljihu, wai zai nuna wa wanda ya kawo masa. Har yanzu ina jira ya dawo karɓar maganinsa na wannan watan.