Mutumin da ya hana farfesoshi magana

A harkar fim ɗin tarihi akwai wani muƙami da ake kira babban furodusa. Ba ya riƙe kyamara, ba ya yi wa kowa tambaya, sau da yawa ma bai taɓa taka garin da aka ɗauki fim ɗin ba. Sunansa yakan fito a ƙarshe, lokacin da masu kallo suka riga suka miƙe suna neman takalmansu. Amma shi ne yake nemo kuɗi, shi yake ɗaukar darakta, kuma a hannunsa hukunci yake na wanda za a ji muryarsa da wanda za a yanke.

Na san nauyin wannan kujera ne daga ƙasa. Na yi shekaru ina tafinta wa masu ɗaukar fim da ke zuwa Nijar daga Turai. Mukan kwana uku a ƙauye, wani dattijo ya yi mana bayanin yunwa da ƙaura dalla-dalla, har da sunan shekarun da hatsi ya ƙone. Idan fim ya fito, sai ka ga an bar masa jimla biyu, sannan a sako wani masani a ofishinsa mai cike da littattafai ya fassara wa duniya abin da dattijon yake nufi. Na taɓa yi wa wata darakta ƙorafi. Ta ce ita ma ba ta so ba, daga sama aka ce a yi haka. Wannan "sama" ɗin shi ne babban furodusa.

Shi ya sa labarin Henry Hampton ya zauna mini a rai. Baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a St. Louis a 1940, ɗan likita, cutar shan inna ta kama shi yana saurayi. A 1965 yana cikin waɗanda suka je Selma, a jihar Alabama, lokacin tattakin neman ƴancin jefa ƙuri'a. A 1968 ya kafa kamfaninsa, Blackside, a Boston. Abin da yake so shi ne ya ba da labarin gwagwarmayar baƙaƙen fata a talabijin, kuma sai da ya yi kusan shekara ashirin kafin hakan ta tabbata. Yunƙurinsa na farko da wani kamfanin talabijin na kasuwa ya wargaje. Daga baya ya koma bin gidauniyoyi, irin su Ford, yana tara kuɗin kaɗan-kaɗan.

A watan Janairun 1987 tashar PBS ta fara nuna Eyes on the Prize, kashi shida, sa'a ɗaya-ɗaya, daga 1954 zuwa 1965. A 1990 aka ƙara kashi takwas.

Dokokin da ya kafa wa ma'aikatansa su ne suka fi ɗaukar hankalina. Kafin a fara ɗauka, yakan tara su a yi musu wani irin lakol, malaman tarihi da tsofaffin ƴan gwagwarmaya su zo su karantar da su. Amma da an kunna kyamara, farfesa ba shi da kujera. Wanda zai yi magana dole ya kasance yana wurin lokacin da abin ya faru. Saboda haka sai ka ji Jo Ann Robinson, malamar da ta kwana tana buga takardun kiran ƙaurace wa motocin safa a Montgomery a 1955, tana ba da labarin da bakinta. Ka ji Melba Pattillo Beals, ɗaya daga cikin yara tara da sojoji suka raka makaranta a Little Rock a 1957. Masanan suna nan, amma a bayan labule, suna tabbatar da kwanan wata.

Bai tsaya a kan nasa ɓangaren ba. Ya sa an je an zauna da Laurie Pritchett, shugaban ƴan sandan Albany a jihar Jojiya, wanda ya bayyana cikin natsuwa yadda ya nazarci dabarun Martin Luther King, ya rarraba waɗanda ya kama zuwa gidajen yari na garuruwan maƙwabta don kada nasa ya cika. An zauna da George Wallace, gwamnan da ya tare ƙofar jami'a. Na san akwai masu ganin ba su cancanci a ba su baki ba. Ni a ganina fim ɗin ya fi ƙarfi da su, domin zalunci idan ka ji shi daga bakin mai shi, yana magana kamar mai ba da labarin kasuwa, ya fi girgiza zuciya. Ko a tsarin ma'aikata ma, kowane kashi yakan haɗa baƙi da fari su shirya tare, su yi ta gardama har a samu abin da dukansu za su iya sa wa hannu.

Duk waɗannan ba aikin kyamara ba ne. Hukunci ne na mutum ɗaya da ke zaune a ofis, bashi na binsa.

Sai kuma ɓangaren da ba a cika so a faɗa ba. Fim irin wannan rabinsa tsofaffin hotuna ne da waƙoƙi, kuma kowane ɗan guntu yana da mai shi. Da yake kuɗin Blackside ba su da yawa, izinin da aka saya na ƴan shekaru ne kawai. Wa'adi na cika, sai fim ɗin ya ɓace daga talabijin, kuma ba a iya sake buga shi don sayarwa ba. Fiye da shekara goma malaman makaranta suna lallaɓa tsofaffin kaset. Cikin abubuwan da suka zama matsala har da wani wuri da abokan aikin King suke rera masa waƙar murnar ranar haihuwa, domin a lokacin wani kamfani yana iƙirarin waƙar tasa ce. Hampton ya rasu a 1998, yana da shekara 58, bai ga warwarewar wannan ƙulli ba. Sai a 2006, bayan gidauniyar Ford da wasu sun sake zuba kuɗi, kashi shidan farko suka dawo.

Wannan ya sa nake tunanin namu. Da yawa daga hotunan Yamai da Damagaram na zamanin mulkin mallaka suna ajiye a ma'ajiyoyin Faransa. Ranar da wani ɗan Nijar zai tashi shirya tarihin Sawaba, ko na yunwar shekarun 1970, zai tarar da matsaloli biyu na Hampton suna jiransa: shaidun suna ta ƙarewa, hotunan kuma sai ya biya da kuɗin Turai. Dattijon da na yi wa tafinta ya rasu tuni. Sauran maganarsa ta kwana uku, idan ba a goge ta ba, tana cikin akwatin wani kamfani a can, kuma ko jikokinsa ba su da izinin saurare.